Digirin shekara huɗu da ke cin shekara shida: ina gizo ke saƙar?

Baban Sadiya, Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Akwai maganar da iyaye ka yawan yi cikin garin ga na Sakkwato, ina son masana su warware muna ita. Yaro shi shiga jami'a karatun shekara huɗu, abokansa su tahi bautar ƙasa su dawo, shi ko shina nan shina bin motar Dandima zuwa jami'a kullum da sahe. In ka tambaye shi sai shi ce maka kwas ɗaya ne yar rage. To kwas ɗaya shi ka cin shekara guda cur? Kuma akwai iyakar shekarun da in ɗalibi ya wuce su za a sallame shi, ko ko sai ran da ya gaji don kainai? Masu koyarwa da waɗanda sunka san aikin ofishin jarrabawa, ku taimaka muna.

Malam Arkilla:
Wa alaikumus salam Baban Sadiya. E, kwas ɗaya na iya cin shekara, kuma ba sai yaron ya yi maka ƙarya ba. Shekarar karatu zango biyu ce, kowane kwas da zangon da ake koyar da shi. Ba a buɗe kwas ɗin zango na biyu a zango na farko don mutum ɗaya ya faɗi. Ɗalibin aji huɗu da ya faɗi kwas ɗin zango na biyu sai ya jira sabuwar shekara ta kama, ya biya kuɗin rajista, zango na farko ya wuce ba abin da yake yi, sannan ya shiga aji ya sake jarrabawar. Bayan nan kuma a jira sakamako ya bi matakansa har Sanet, wato majalisar jami'a mai amincewa da sakamako.

Amma yawancin masu sifil oba, wato masu ƙarin shekara a kan wa'adin karatu, ba a aji huɗu matsalarsu ta fara ba. Tun aji ɗaya da biyu take, lissafin yunit, wato nauyin da aka ƙayyade wa kowane kwas, shi ne kawai bai nuna ta ba sai daga baya. Ƙa'idar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ita ce ɗalibi ya ɗauki yunit 15 zuwa 24 a zango. Mu ɗauka kwasa-kwasan aji uku zango na farko yunit 20 ne, yaro kuma ya taho da kariyoba uku (kwasa-kwasan da ya faɗi ake binsa) masu yunit uku-uku daga aji biyu, wato 9. Jimilla 29 ke nan, ta haura 24. Dole ya fara cika kariyoban, sannan ya ɗauki 15 cikin 20 na ajinsu, ya ajiye 5. Da ya shiga aji huɗu, a ce nauyin zangon 18 ne, ya ɗora 5 ɗin nan, 23, ya sha da kyar. To amma in ya sake faɗuwa kwas ɗaya mai yunit 3 a aji uku, lissafi ya koma 26. Dole wani kwas ya tsallaka zuwa shekara ta biyar, alhali bai ma zauna jarrabawar aji huɗu ba tukuna. Da yawansu ba su gane haka sai ranar da fotal, shafin rajista na intanet, ta ƙi karɓar rajistarsu.

Maganar iyaka kuwa, akwai. Ba a yarda a wuce rabin wa'adin karatun a kan wa'adin ba. Digirin zango 8 iyakarsa zango 12, wato shekarar karatu shida. Wanda ya shigo aji biyu kai tsaye da NCE ko difloma ko IJMB, da yake zangonsa na asali ba su kai 8 ba, iyakarsa ma ta fi kusa. Yadda jami'arsu ke ƙirgawa yana rubuce a littafin ɗalibi da ake ba su a aji ɗaya, wanda kusan ba mai buɗe shi.

Ɗan Gobir:
Allah shi gafarta Malam, kun ɗora wa yara laihi dut, kun bar babban. Yajin aiki hwa? A 2020 ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, ta tahi yaji daga Maris har Disamba, ga korona a kai. A 2022 kuma daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba. Wata tara da wata takwas, wata 17 ke nan. Yaron da bai taɓa faɗuwa ko tes ba, wanda ya shiga dab da 2020, digirinsa na shekara huɗu sai da ya haura shekara biyar. Ba a maganar yajin 2013 na kusan rabin shekara, ko ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Danfodiyo. Wanga ma yunit ne?

Malam Arkilla:
Ban musa ba Ɗan Gobir, gaskiyarka. Sai dai a raba abin biyu, domin maganinsu daban ne. Jami'a da zango take ƙirga, ba da kalandar bango ba. Watannin yaji ba sa cin komai cikin zango 12 ɗin nan. Wanda yaji ya jinkirta shi kaɗai, takardarsa tsaf take, ba wanda zai kira shi mai sifil oba. Inda yaji ke cutarwa shi ne shekarun haihuwa, su ba sa jiran kowa, sai kuma yadda ake matse zango bayan an dawo. Zangon da ya kamata a yi mako 15 ana koyarwa sai a dunƙule shi, tes ya biyo tes, hutu tsakanin zango ya zama 'yan kwanaki. Ɗalibi mai matsakaicin ƙoƙari a nan yake kwasar kariyoba.

Ɗan Gobir:
To kun ga kun dawo kan maganata. Yajin ne ka haihwar kariyoban.

Malam Arkilla:
Wani ɓangare nasa. Amma a aji guda, da malami guda, a matsattsen zango guda, wasu sun ci wasu sun faɗi. Iyaye ba su da iko da yaji, suna da iko da tambayar yaro yunit nawa ake binsa.

Anti Hauwa, Runjin Sambo:
Ku bar ni in shigo ta wata ƙofa, don akwai masu ƙarin shekara da ba su faɗi komai ba, kuma ba yaji ba ne. Takarda ce ke kayar da su.

Na farko, rajistar kwas. Ɗalibi ya shiga aji, ya yi tes, ya rubuta jarrabawa, amma kwas ɗin ba ya cikin fom ɗin rajistarsa. Makin nan ba shi da gurbin zama, ko 80 ya ci ba za a lissafa ba. Akasinsa kuma, ya cika kwas na zaɓi a fotal, daga baya ya fasa zuwa, bai cire shi ba cikin 'yan makonnin da ake bayarwa na ƙarawa da cirewa. Wannan F ce, wato faɗuwa, kai tsaye. Akwai kuma masu kuskuren lambar kwas, musamman tun da aka shigo da sabuwar manhajar CCMAS da NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022. 'Yan tsohuwar manhaja da 'yan sabuwa kan haɗu a aji ɗaya, sunan kwas kusan ɗaya, lamba ko yunit daban. Mai kariyoba daga tsohon tsari ya tambayi kodinetan ajinsu wace lamba zai cika, kada ya kwafi fom ɗin ƙaninsa.

Na biyu, sakamakon da bai fito ba. Yawancinsa ɗaya cikin uku ne: an rubuta lambar ɗalibi ba daidai ba a takardar amsa, ko makin tes bai haɗu da na jarrabawa ba, ko ɗalibin bai sa hannu a takardar halarta ba ranar jarrabawa. Abin yi shi ne a rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban sashe ta hannun kodineta, a haɗa da kwafin fom ɗin rajista mai sa hannu, da katin jarrabawa, a faɗi rana da ɗakin da aka zauna. Idan kwas ɗin na wani sashe ne, kamar GST (kwasa-kwasan gama-gari na kowa da kowa) ko lissafin da 'yan kimiyya ke ara, wasiƙar ta bi ta sashenka zuwa can, ba kai za ka je kana tare malami a bakin mota ba. A yi kwafi biyu, sakatare ya buga hatimin karɓa a kan ɗaya ka riƙe.

Kuma a yi shi cikin makon da aka kafe sakamako. Sakamako daga malami yake tafiya zaman sashe, daga nan zaman tsangaya, daga nan kwamitin Sanet, sannan Sanet ta amince. Gyara kafin ya bar sashe aikin yini ɗaya ne. Bayan Sanet ta amince kuwa sai gyaran ya sake bin matakan nan duka. Wanda ya ga gurbin makinsa fayau a aji ɗaya ya ce ai zai fito, sai a aji huɗu ya taso da maganar, wa zai tono masa takardar amsa ta shekara uku baya?

Goggo Larai:
Hauwa, Allah shi yi miki albarka. To ɗiyanmu mata hwa? Da yawa ana yi musu aure tsakiyar karatu, haihuwa ta zo daidai da jarrabawa. Mi anka tanadar musu?

Anti Hauwa, Runjin Sambo:
Goggo, akwai jinginar da karatu, wanda ɗalibai ke cewa difamen. Ana rubuta wasiƙa ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya, a haɗa da shaida: takardar asibiti ga mai juna biyu ko marar lafiya, wadda asibitin jami'a ya tantance. Idan Sanet ta amince, zangon ko shekarar ba ta shiga lissafin CGPA, wato matsakaicin sakamakon ɗalibi na duk zangunan da ya yi. Sharaɗin shi ne a nema kafin jarrabawa, a kuma karɓi takardar amincewa a hannu. Abin da ke faruwa a gidaje shi ne amarya ta yi rajista, ciki ya yi nauyi, ta daina zuwa, a ce ai kowa ya san ta haihu. Takardar sakamako ba ta san haka ba. Kwas takwas da aka cika ba a rubuta ba, F takwas ne, yunit ashirin da wani abu na sifili. Wannan kan rusa CGPA ɗin ɗaliba mai ƙoƙari a zango ɗaya.

Mai juna biyu ta ƙirga watanninta ta gwada da kalandar jami'a tun farkon zango. In haihuwa za ta faɗo cikin makonnin jarrabawa, gara ta jingine tun da wuri. In kuwa ciwo ne ya zo ba zato ranar jarrabawa, a kai rahoto asibitin jami'a da sashe cikin kwanakin nan, ba bayan wata biyu ba. Haka wanda rashin kuɗi ya hana shi rajista, ya rubuta. Wanda ya ɓace ba izini, bayan wani wa'adi ana ɗauka ya janye kansa ne.

Goggo Larai:
Wagga magana mazajensu ya kamata su ji ta, don su ka cewa ki zauna gida sai kin yi arba'in, makaranta ba ta gudu.

Injiniya Minanata:
Malam Arkilla, ina da ja a kan wani abu. Misalinku ya nuna cewa kowane yunit da aka ajiye bashi ne da zai dawo. To ashe shawarar ita ce mai kariyoba ya cika 24 kowane zango har ya kuɓuta. Amma ana jin malamai na ce wa yara su rage kaya. Yaya ke nan?

Malam Arkilla:
Injiniya, ya danganta da yaron da kuma abin da ake son ceto. Bari in kawo lissafin CGPA. A tsarin foyin biyar, maki 70 zuwa sama A ce, foyin 5. B daga 60, foyin 4. C daga 50, foyin 3. D daga 45, foyin 2. E daga 40, foyin 1. Ƙasa da 40 F, sifili. Ana ninka foyin da yunit ɗin kwas, a tara, a raba da jimillar yunit ɗin da aka yi wa rajista. Abin da ɗalibai ke mantawa shi ne F ba ta gogewa idan an sake kwas. Kwas mai yunit 3 da aka faɗi, aka sake aka samu C, foyin 9 ne a kan yunit 6, wato 1.5, bai ma kai D ba. In an faɗe shi sau biyu, 9 a kan 9.

Yanzu ɗauki yaron da bai iya ɗaukar yunit 20 ba har ya zubar da 9. Ka ɗora masa 24, jarrabawa tara ko goma cikin mako biyu zuwa uku, wataƙila a zafin Afrilu da ake haura digiri 40, kuma jadawalin kariyoba na karo da na ajinsa, ga sharaɗin halartar kashi 75 cikin ɗari na lacca. Me kake tsammani? Jakin da ya durƙushe da buhu biyu ba a ƙara masa na uku don a riski kasuwa. Zai sake zubar da wasu, ƙarin shekarar da ake gudu ta zo, CGPA kuma ta lalace. Ya yi asara biyu. In ya ɗauki 17 ko 18 ya ci su da C da B, ya ƙara shekara ɗaya amma ya fita da sakamakon da zai nuna wa mutane.

Injiniya Minanata:
Ban gamsu duka ba Malam. Ƙarin shekara ba a takarda kawai take ba. Kuɗin rajista ne, kuɗin haya ko na mota daga gari zuwa Dundaye, inda jami'ar take, kullum, abinci, da shekara guda ta rashin samu. Uban da sai ya sayar da gero ko albasa yake biyan rajista, ga ƙanne a baya, ba za ka ce masa a ƙara shekara don darajar digiri ta fi kyan gani ba. Kuma ba kowace faɗuwa ce ta rashin ƙwaƙwalwa ba. Yaron da zazzaɓi ya kayar da shi mako guda ya rasa jarrabawa uku, in ya warke zai ɗauki 24 lafiya lau.

Malam Arkilla:
A kan wannan na biyun mun daidaita. Shi ya sa ake duba sauran makin. Wanda ke da B da C a ko'ina sai F uku a mako ɗaya, ya cika 24. Wanda sakamakonsa D da E ne jere sannan F uku, wannan nauyi ne ya fi ƙarfinsa. Kuma maganar daraja ba ado ba ce. 2.40 ce mafi ƙarancin CGPA na digiri mai daraja ta biyu ƙarama, 3.50 babba, 4.50 daraja ta ɗaya. Wanda ya faɗo ƙasa da 2.40 sai ya yi difloma ta gaba da digiri kafin yawancin jami'o'i su ɗauke shi digiri na biyu. Shekarar da ya guje wa ce ta dawo, da kuɗinta.

Ga wani lissafin da ya kamata kowane ɗan aji biyu ya yi. A ce ya yi rajistar yunit 80, ya tara foyin 176, CGPA 2.20. Saura yunit 80. Don ya fita da 2.40 yana buƙatar 384 a kan 160, wato foyin 208 a sauran, matsakaicin 2.60 kowane zango. Mai yiwuwa ne. Don 3.50 kuwa sai 560, wato 384 a yunit 80, matsakaicin 4.80, kusan A zalla. Gara ya san abin da yake nema tun yanzu.

Injiniya Minanata:
Lissafin daidai ne. Amma har yanzu ina ganin a bar wa mai biyan kuɗi ya yanke, bayan an nuna masa lambobin.

Yaya Nasiru, Gidan Igwai:
Akwai rami guda da ba a ambata ba: zangon SIWES. A sassan kimiyya da yawa, zango na biyu na aji uku ɗalibi na waje wajen koyon aiki na wata shida, ba ya ɗaukar kwas. Ke nan kariyoban zango na biyu na aji ɗaya da biyu ba su da wurin shiga sai zango na biyu na aji huɗu, inda firojek, wato binciken kammala karatu, mai yunit 6 ke zaune. Wanda ke da yunit 8 ko 10 na zango na biyu a wuyansa lokacin tafiya SIWES ya ɗauki biro ya tara tun kafin ya tafi. 'Yan tsangayar ilimi su ma su duba yadda koyon koyarwa ya faɗo a jadawalinsu. Sai kuma kwas mai sharaɗi: in ba ka ci na aji biyu ba, ba za a bar ka ka cika ɗan'uwansa na aji uku ba, ko da kana da sarari. Faɗuwa ɗaya a irin wannan kan tura jerin kwas uku gaba da shekara guda. Su ya kamata a fara kashewa.

Wasu jami'o'in kan yarda ɗan ajin ƙarshe ya nemi ƙarin 'yan yunit a kan iyaka in su kaɗai za su hana shi fita. Da wasiƙa ake nema a farkon zango, kuma ba dole ne a bayar ba.

Firojek kuma shi kansa yana zaunar da mutane. Mai jarrabawa na waje zuwa ɗaya yake yi, wanda bai shirya ba ran difens, wato ranar kare firojek, sai wata shekara. Ɗalibin aikin gona da gwajinsa na damina ne, in shuka ta wuce shi a Yuni ko Yuli, damanar Sakkwato ba ta jira, zuwa ƙarshen Satumba ta ɗauke. Ko dai ya koma gwajin ban ruwa a fadama da rani da yardar sufabaiza, ko ya jira baɗi. Na ɗakin gwaji kuma ya tabbatar sinadaran da yake buƙata suna samuwa kuma aljihunsa zai iya, kafin a amince da taken. A riƙa kai babi ɗaya-ɗaya ana gyarawa. Mai tara babi biyar ya kai saura mako biyu, shi ya jawo wa kansa.

Dakta Gawon Nama:
Ƙarin bayani ga iyayen masu karatun likita, don kada su auna da abin da aka faɗa a sama. Shekara shida ce, kuma bayan aji ɗaya babu tsarin kariyoba. Makin ci 50 ne. A babbar jarrabawar farko ta ilimin sassan jiki, da aikin gaɓoɓi, da sinadaran jiki, wanda ya faɗi wani ɓangare ana ba shi damar sakewa bayan 'yan watanni. In ya sake faɗuwa ya maimaita ajin gaba ɗaya, in abin ya ci tura a ba shi shawarar komawa wani sashe. Don haka maimaita shekara a can ba baƙon abu ba ne, kuma ba ya hana mutum zama likita nagari.

Baban Sadiya, Mabera:
Madalla. To in yaro ya kai aji ukku abin ya ƙi, ba gara shi canza sashe ba, ko shi sake JAMB?

Malam Arkilla:
Aji uku ya yi latti ga yawancinsu. Canjin sashe a ƙarshen aji ɗaya ko biyu yake da amfani, kuma galibi sai an koma baya da aji guda, sai sabon sashen na da gurbi, sai kuma sakamakon sakandare ya dace da shi. Wanda CGPA ɗinsa ta faɗo ƙasa da iyakar da jami'a ta sa, 1.00 a wurare da yawa, wasu 1.50, ana sa shi firobeshan, wato gargaɗi da gwaji, na shekara guda. In bai farfaɗo ba a cire shi daga kwas ɗin. Shekarar firobeshan ita ce lokacin zama a yi magana ta gaskiya, ba lokacin cika yunit 24 ba. Ɗan aji uku mai 1.8 kuwa, shekara biyu ko uku suka rage masa, sabon JAMB huɗu ne daga farko. Ya ƙarasa.

Ɗan Gobir:
Ni kam ina ganin in yaro ba shi son kwas ɗin, ko aji nawa yake a bar shi shi sake. Da yawa uba ne yaz zaɓa musu, ko ko abin da anka ba su ne sunka karɓa don kada su zauna gida.

Anti Hauwa, Runjin Sambo:
Ɗan Gobir, kafin a ce ya sake a duba takardar haihuwarsa, don nan agogo na biyu da Malam ya ambata, wato shekarun haihuwa, ke aiki. NYSC, hukumar bautar ƙasa, ba ta tura wanda ya haura shekara 30 a ranar da ya kammala, takardar yafewa ake ba shi. Ranar kammalawa da jami'a ta tura ake dubawa, ba ranar shiga sansani ba. Takardar yafewa halattacciya ce, ana ɗaukar aiki da ita kamar ta gama hidima. Abin da aka rasa shi ne alawus, wanda ya koma naira 77,000 a wata a 2025, wato 924,000 a shekara, da kuma damar da hidimar ke buɗewa. Mutanenmu da yawa ba sa shiga jami'a da wuri. Wani sai ya sauke Alƙur'ani, wani ya yi NCE a Kwalejin Shehu Shagari ko difloma a Kwalejin Umaru Ali Shinkafi tukuna. Wanda ya shigo yana da 25, shekara ɗaya ta sifil oba da 'yan watannin yaji sun isa su tsallakar da shi. Kuma kada a yi tunanin rage shekaru a kotu daga baya, ranar haihuwar da ke bayanan JAMB da WAEC tana nan.

Tun da an zo nan, ɗan aji uku ya duba abu uku kafin ya shiga ajin ƙarshe. Sunansa na cikin jerin ɗaliban da JAMB ta tabbatar? In babu, NYSC ba za ta kira shi ba sai an daidaita, kuma daidaitawar na cin watanni. Sunansa da jerin sunayen iri ɗaya ne a JAMB da sakamakon sakandare da NIN da rajistar jami'a? Muhammad a nan, Muhammadu a can, ko sunan gari a wata takarda babu a wata, duk suna tsayar da mutum. Sannan kiredit biyar ɗinsa, har da Turanci da lissafi, sun cika yadda sashen ya shar'anta? Akwai masu gama komai, wajen kiliyarans, wato tantancewar ƙarshe, a gano gibi, su zauna jiran NECO ko WAEC ta masu zaman kansu, rukunin hidima biyu su wuce su.

Injiniya Minanata:
Ga masu makalewa saboda kuɗin rajista, bashin NELFUND, asusun ba ɗalibai rance, da aka fara a 2024 na biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, da naira 20,000 a wata ga wanda ya nemi na ɗawainiya. Ba ruwa a kansa, biya kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Kowace shekarar karatu ake sabunta nema, kuma sai jami'a ta ɗora bayanan ɗalibi. A nema tun kafin a buɗe rajista, don kuɗin kan iya isowa bayan an rufe fotal.

Goggo Larai:
To mu da ba mu iya shiga fotal ba, ta yaya za mu san gaskiyar inda yaro yake? In ka tambaya sai shi ce lahiya lau.

Yaya Nasiru, Gidan Igwai:
Goggo, takarda biyu za ki ce ya kawo ƙarshen kowace shekara: fom ɗin rajistar kwas da takardar sakamako. Ki ba wani mai karatu a gida ya duba. Lambar kwas na nuna ajinsa, mai farawa da 1 na aji ɗaya ne, mai 2 na aji biyu. In yaro na aji uku kika ga masu farawa da 1 ko 2 a fom ɗinsa, kariyoba ne ko wanda ya ajiye. A tara yunit ɗinsu, na zango na farko daban, na biyu daban. Sai a tambayi kodinetan ajinsu nauyin kowane zango da ya rage, a ga ko jimillar za ta shiga cikin 24. In ba za ta shiga ba, an san akwai shekara ta biyar tun yanzu, a fara tanadin kuɗinta. Kuma a tambaya ba da faɗa ba, don masu ɓoyewa har su yi hoton rigar kammalawa da abokai alhali ana binsu kwas, tsoron gida ne ke sa su.

Baban Sadiya, Mabera:
Tambaya ta ƙarshe Malam. Ana rubuta wa mutum a shahadarsa cewa ya yi sifil oba?

Malam Arkilla:
A'a. Shahada suna take ɗauka, da digirin, da darajarsa, da ranar da aka amince da shi. Tiranskirif ce ke nuna komai zango bayan zango, har da kowace F da sakewarta, kuma ita masu digiri na biyu da masu ba da tallafin karatu ke nema. Mai sifil oba ya tabbatar ya yi rajistar shekarar da ya dawo cikakkiya, ya cika kwas ɗin a fotal, ya yi tes tare da 'yan ajin. Tes da asaimen maki 30 ne ko 40 cikin 100, kuma na bara ba ya biyo shi. Masu zama gida su ɓullo ranar jarrabawa kawai, su ne ke sake faɗuwa a shekara ta biyar su shiga ta shida, wadda daga ita babu wata.